Makirufo ya ƙi: yadda za ka faɗa wa mutum da Turanci cewa ba a jin sa

Tun da aka rufe makarantun Ghana a tsakiyar watan Maris na 2020, aka kuma kulle Accra da Kumasi a ƙarshen watan saboda korona, taro ta waya da kwamfuta ya shigo Zango, bai kuwa sake fita ba. In taron dangi ne a WhatsApp, tsakanin unguwar Nima ta Accra da 'yan'uwa mazauna Amurka ko Jamus, abin mai sauƙi ne: "Yaya, ba ma jin ka fa," an wuce wurin. Inda gizo ke saƙar shi ne taron Turanci, kamar lacca daga jami'ar Legon ko ta KNUST, ganawar neman aiki, ko zama da ƙungiyar da ke ba da tallafi. A nan ne sautin mai magana zai lalace, jama'a su yi tsit, kowa na jiran wani ya fara. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan.

Ba rashin ladabi ba ne in katse wanda ya girme ni don in ce ba a jin sa?

A'a. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a tsinka wa babba magana, kuma tarbiyya ce mai kyau. To amma ka dubi abin ta ɓangarensa. Mutum ya shirya bayaninsa, ya ɗauki lokaci yana zubawa, sai can daga baya ya gane ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, kuma duk kuna kallon sa kun yi shiru. Kunyar da zai ji a lokacin ta fi ta katsewar nesa ba kusa ba.

Sannan a duk taron shi kaɗai ne ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa. Yana jin muryarsa ne kai tsaye daga bakinsa, manhajar ba ta dawo masa da abin da ku kuke ji. Idan ba ku faɗa ba, ba zai sani ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ladabin yana cikin abu uku: ka faɗa da wuri, ka taƙaita, kuma ka ɗora matsalar a kan sauti, kada ka ɗora ta a kan mutumin.

In jimla ɗaya kawai zan riƙe, wacce ce?

"Sorry to interrupt, we're having trouble hearing you." Wato a yi haƙuri na katse, muna shan wahalar jin ka. Tana shiga ko'ina, ga malami, ga shugaban ofis, ga Bature, ga ɗan Kumasi.

Idan ba ka tabbatar ko kai kaɗai ne ba ka ji ba, sai ka tambaya: "Is it just me, or is the sound cutting out?" Wannan tambayar tana da amfani ƙwarai a wajenmu, domin sau tari sabis ɗinka ne ya yi rauni, shi mai maganar lafiya lau ake jin sa. In sauran suka ce su suna ji, ka tsira daga zargin mutum a banza. In suka ce su ma haka, ka samu shaidu.

Bakinsa na motsi amma babu sauti sam. Me zan ce?

"I think you're on mute." Kalmar "I think" ita ke sassauta maganar. Ga babba sai ka ƙara laƙabinsa: "Prof, please, I think you're on mute."

Kada ka tsaya jiran ya kai aya. Da ka ga alamar makirufonsa da jan layi a kanta, ka faɗa. Ka sani kuma cewa ko mai jagorantar taro ba ya iya buɗe makirufon wani da ƙarfi a Zoom ko Google Meet. Iyakacinsa ya roƙe shi ya buɗe da kansa. In mutumin ya rikice yana laluben maɓalli, kana iya taimaka masa: a kwamfuta mai Windows, Alt da A ne a Zoom, Ctrl da D a Google Meet, Ctrl da Shift da M a Teams.

Wani lokaci kuma makirufon a buɗe yake amma shiru. Sai ka ce: "You're unmuted, but there's no sound coming through. Could you check your audio settings?" Galibi wayar ta haɗu ne da wata na'urar Bluetooth da ke cikin jaka ko a mota, sautin yana tafiya can.

Muryarsa na yankewa, ana jin rabi ana rasa rabi fa?

Turawa na cewa "You're breaking up" ko "You're cutting in and out." Wanda ya fi laushi shi ne "The connection seems a bit unstable," domin ya mayar da laifin kan layi ɗungurungum.

Amma faɗin matsalar kaɗai bai wadatar ba, ka haɗa da mafita: "Could you try turning off your video? It might help the sound." Dalilin a fili yake. Murya kaɗai a Zoom tana cin kimanin kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, hoto kuwa yana farawa ne daga wajen 600. Da an kashe kyamara, ɗan sabis ɗin da ya rage sai ya ishi murya. Duk wanda ya yi taro a ranakun da suka biyo bayan 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma har intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, ya san wannan dabarar ko ba a koya masa ba.

Akwai wani abu da mutane ke mantawa: ka gaya masa inda aka tsaya. "We lost you after the part about the budget." Ba tare da wannan ba, ko dai ya koma farko kowa ya gaji, ko ya ci gaba daga inda yake a rasa tsakiya.

Ana jin sa, amma can ƙasa-ƙasa kamar daga nesa?

"You sound a bit far away. Could you move closer to the mic?" Ko kuma "Your volume is quite low on our end."

Ka guji "Speak up" tsurarta. Umarni ce, irin wadda malami ke yi wa ɗalibi. Kuma ba ta cika magance komai ba, domin matsowa ta fi ɗaga murya aiki: duk lokacin da tazarar baki da makirufo ta ninka, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana raguwa da kimanin desibel 6. Idan yana sanye da abin kunne mai makirufo amma har yanzu yana can nesa, wataƙila kwamfutar tana ɗauka ne da nata makirufon. Ka ce: "It might be picking up your laptop mic instead of your headset."

Hayaniya ce a bayansa: janareta, yara, hon ɗin mota. Yaya zan faɗa ba tare da na taɓa mutuncinsa ba?

Wannan ce tambayar da ta fi buƙatar hankali, domin hayaniyar bayan mutum tana tona yanayin gidansa. Wanda ke zaune a gidan haya a Mamobi ko Aboabo, tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa, ba shi da ɗakin da zai rufe ya samu shiru. Wata na daka, rediyon maƙwabci na tashi, yaron mota na kiran "Circle, Circle" a bakin titi, ga janareta in an ɗauke wuta. Ba zaɓinsa ba ne, kuma ya fi kowa sanin haka.

Saboda haka kada ka ambaci abin da kake ji da sunansa. Kada ka ce yaransa na ihu, kada ka ce gidansa da surutu. Kuma ka yi nesa da "You are making noise," duk da cewa mun saba jin ta tun firamare. Tsawatarwa ce, ba sanarwa ba. Abin da za ka ce shi ne: "There's some background noise on the line." In kai ne jagoran taro, ka yi wa kowa jimla, ba tare da kama suna ba: "Could everyone please mute when not speaking?" Mai abin zai gane, ya kashe nasa, ba wanda ya lura.

Wasu ƙararrakin kuma suna da saurin gyara idan ka siffanta su daidai. Wata 'yar'uwa na magana, ana jin ƙwaras-ƙwaras duk lokacin da ta juya kai: ɗan makirufon da ke jikin wayar kunnenta ne ke gogar mayafi. Ba sai ka ambaci tufafinta ba, musamman in kai namiji ne. "There's a rustling sound, the mic may be rubbing against something." Za ta kai hannu ta riƙe shi, ƙarar ta ɗauke. Haka yake faruwa da gemu ko wuyan babbar riga. In kuwa huci ne kamar na iska, fanka ce ke bugun makirufon: "It sounds like wind, maybe a fan?" In gurnani ne mai ɗorewa da bai sauyawa, sau da yawa daga caja yake, domin wutar Ghana tana tafiya ne a kan zagaye 50 a daƙiƙa, kuma caja mara kyau tana iya shigar da wannan gurnanin cikin sauti. "There's a hum. Could you try unplugging your charger for a moment?" In ya cire ta ɗauke, an gano ɓarawon.

Ruwan sama a kan kwanon rufi, irin na daminar Kumasi, ba shi da magani sai matsowa kusa da makirufo.

Idan kiran salla ne ya shigo ta wajena fa?

Ba abin ba da haƙuri ba ne, bayani kawai yake so: "That's the call to prayer from the mosque nearby. I'll stay on mute until it's over." Mafi yawan mutane suna karɓar wannan da girmamawa. Wanda ya fi ma shi ne ka duba lokacin Azahar da La'asar tun ana tsayar da lokacin taro.

Ina jin muryata tana dawo mini. Laifin wa?

Yawanci ba naka ba ne. Muryarka ta fita ta lasifikar wani, makirufonsa ya sake ɗauke ta ya dawo maka da ita. Shi ya sa wanda ke haddasa abin shi ne sau da yawa ba ya jin wata matsala, har ya riƙa mamakin ƙorafin da ake yi. Haka kuma in mutum biyu na ɗaki ɗaya kowa ya shiga taron da na'urarsa, ko mutum ɗaya ya shiga da waya da kwamfuta a tare.

Tunda ba ka san ko wane ne ba, kada ka nuna yatsa: "I'm hearing an echo. Could we all mute for a second to find where it's coming from?" In an gano, sai ka ce: "Do you have earphones nearby? That usually fixes it."

Turancinmu na Ghana ya isa, ko sai na sauya?

Ya danganta da wanda kake magana da shi. Tsakaninmu, "Please, your voice is not coming" kowa ya gane, kuma ba wanda zai ga rashin ladabi a ciki. Ni ban ga dalilin da zai sa ɗan Sabon Zango ya murɗe harshe don zai yi magana da ɗan Madina ba. Yawan "please" da muke sawa a farkon magana ma ado ne a nan, kuma baƙi da yawa suna jin daɗinsa.

Wurin da ake samun saɓani shi ne jimlolin da ke ɗaukar ma'ana biyu. "I'm not getting you" a kunnen mutumin Ingila ko Amurka tana iya nufin bayaninsa ne bai shige ka ba. Sai ya dage ya sake yi maka sharhi da wasu kalmomi, ta cikin makirufon nan da ya lalace. Don haka da baƙo ka sa kalmar "sound" ko "audio" a cikin maganarka, ya san na'ura kake nufi: "Your audio isn't clear on my side." Ita ma "Come again?" ba laifi ba ce, amma a taron aiki "Could you repeat that, please?" ta fi dacewa.

Abin da ba ya aiki ko'ina shi ne dogon share fage. Wani zai fara da neman afuwa, ya yi godiya, ya yabi jawabin, kafin ya iso kan batun an yi asarar wani sakin layin. Gaisuwa da yabo suna da lokacinsu, amma ba a tsakiyar matsalar sauti ba.

In rubuta a akwatin saƙo ne, ko in buɗe baki?

Idan ba a jin komai sam, buɗe baki ka faɗa, domin mai magana ba ya duba saƙo yana tsakiyar bayani. Idan kuwa ana ji amma da ɗan cikas, saƙo ya fi, kuma ka tura wa jagoran taro shi kaɗai: "The speaker's audio is quite low. Could you let him know?" Shi aikinsa ne ya katse, ba wanda zai ga baƙinsa.

A taro mai manya, in kai ne ƙarami, wannan hanyar ta fi rufin asiri. Amma in ka tura ka ga jagoran bai gani ba, kada ka ce ka sauke nauyi. Yi magana.

A fili fa, ƙarƙashin rumfa, ranar suna ko aure ko yaye ɗaliban makaranta?

Nan doka ta sauya: ba a ɗaga murya daga baya a ce ba a ji. Sai ka tashi ka je wajen mai gabatarwa ko mai kayan sauti. Da mai kayan sauti ba ka buƙatar Turancin littafi: "Boss, please the mic is low, raise it small." In Bahaushe ne ma ka yi masa Hausa. Ka je da fara'a, domin tun safe ake ba shi umarni daga ko'ina, kuma shi ne mai hannu a kan na'ura.

Idan kai ne mai gabatarwa, babban baƙo kuma, a ce ɗan majalisa, ya riƙe makirufo a wajen cibiyarsa, sai ka matsa kusa da shi, ka kawar da naka makirufon daga bakinka, ka ce a hankali: "Honourable, could you please hold it a little closer?" Kawar da naka ɗin nan yana da muhimmanci, in ba haka ba duk unguwa ta ji kana gyara wa babban mutum.

Kukan nan mai huda kunne da lasifika ke yi yana tasowa ne idan makirufo ya ɗauki sautin lasifikar ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagayawa yana ƙaruwa. Mai jawabi ya taka zuwa gaban lasifika, ko ya dunƙule kan makirufon da tafin hannunsa. "Sir, please come this way a little, away from the speaker," kana nuna masa wurin da hannu. In batir ne ya fara mutuwa, murya na zuwa tana ɗaukewa, ba a buƙatar bayani: miƙa masa wani makirufon da hannun dama, ka ce "Please try this one, Sir."

A Kumasi, in basaraken Asante ne ke wurin, ba a tunkarar Nana kai tsaye. Ta hannun okyeame, kakakinsa, ake bi, ko da maganar makirufo ce. Sarkin Zango da limamai ma ta hannun na kusa da su ya fi kyau. A Accra kuma masu shirya biki su tuna da wata gudan da Majalisar Gargajiya ta Ga ke hana kiɗa da ƙara kafin bikin Homowo, galibi daga Mayu zuwa Yuni. A lokacin, roƙon da za ka kai wa mai kayan sauti na ragewa ne.

Ya manta makirufonsa a buɗe, ana jin yana maganar gida. In yi shiru?

Kada ka yi shiru ko na daƙiƙa. Wannan ne kaɗai wurin da sauri ya fi ladabin lafazi. Kira sunansa, ka ce: "Your mic is still on." In kai ne jagora, kashe masa kawai. A kiran rukuni na WhatsApp ma, tun 2022 ana iya kashe makirufon wani. Abin da aka ji kuma a bar shi a nan, ba a tayar da shi bayan taro ko da wasa.

Na faɗa sau ɗaya, ya taɓa wani abu, bai gyaru ba. In sake?

Sake, amma da sabuwar shawara. "It's a little better, but still not clear. Could you try leaving and rejoining?" Fita a sake shiga yana warware matsaloli da yawa. Kada ka ce "It's fine now" don kawai ka ji nauyinsa alhali bai gyaru ba; kai ne za ka zauna sauran taron kana gyaɗa kai ba ka ji. Idan an yi ta gwadawa abin ya ƙi, jagora ya ce: "Let's come back to you once it's sorted," a ba wani dama. In kuma ya gyaru, gaya masa: "That's much better, thank you." Mutane na mantawa da wannan, su bar mai magana yana ta tambayar ko ana jin sa.

A ganawar neman aiki, in ban ji tambayar sosai ba?

Kada ka yi cinke ka amsa abin da ba a tambaye ka ba. "The audio dropped for a moment, and I want to be sure I answer the right question. Could you repeat it, or type it in the chat?" Ba mai ɗaukar ma'aikata da zai rage maka maki a kan wannan. Tun farkon ganawar ma kana iya cewa: "If the connection drops, I'll rejoin right away," ka kuma tanadi layi na biyu, in kana da MTN ka ajiye Telecel ko AT a kusa.

To in ni aka ce ba a ji na?

"Thanks for letting me know. Is this better?" Iyakarta ke nan. Ba sai ka ba da labarin ɗauke wuta ko tarihin wayarka ba. Kada kuma ka hura wa makirufo iska ko ka bubbuga shi da yatsa, masu abin kunne ne ke shan azabar. Magana za ka yi su gaya maka ko ta fito. Idan ya ƙi, ka ce "Please go ahead, I'll fix it and come back."

Kafin taro mai muhimmanci, Zoom na da wurin gwajin makirufo da lasifika a cikin saitinsa, yana naɗar muryarka ya sake kunna maka. In da waya za ka shiga, naɗi gajeren saƙon murya a WhatsApp daga inda za ka zauna, da fankar a kunne yadda za ta kasance, ka saurara da abin kunne.